Tantance Labari Kafin Yaɗa Shi: Misalin Motocin Da Ke Tuƙa Kansu

Ya ku 'yan'uwa, jawabinmu na yau ya shafi labaran da ake turo mana ta intanet game da motocin da aka ce suna tuƙa kansu. Wani ya gaskata duk abin da ya gani, wani ya ƙaryata baki ɗaya, alhali babu wanda ya bincika a cikinsu.

Malaman hadisi sun gadar mana da hanya: kafin a karɓi matani, sai an duba isnadi. Wa ya faɗa? Daga wa ya ji? A wannan fage, mai ruwaya na farko galibi shi ne mai sayar da motar, kuma shaidar mai haja a kan hajarsa tana bukatar mai ƙarfafa ta.

A shekarar 2016 kamfanin Tesla na Amurka ya fitar da bidiyon motarsa tana tafiya, aka rubuta cewa mutumin da ke kujerar direba ba ya yin komai, doka ce kurum ta sa aka zaunar da shi. Kafofin labarai suka yi ta yayatawa. Sai a 2023 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya bayyana shaidar da wani babban injiniyan Tesla ya bayar bisa rantsuwa, cewa tun farko an tsara wa motar taswirar hanyar, kuma wajen gwaji har ta yi karo da shinge. Fiye da shekara shida mutane suna kafa hujja da abin da aka shirya! Lalle ido ya gani, amma bai ga wurin da aka yanke ba.

Haka nan a watan Oktoba na 2023, a birnin San Faransisko, wata mota mai direba ta buge wata mata, ta jefa ta gaban motar kamfanin Cruise marar direba. Labarin farko ya tsaya a kan cewa motar ta taka birki. Daga baya aka gano ta sake tashi, ta ja matar a ƙasa kimanin ƙafa 20. Hukumar motoci ta jihar Kalifoniya ta dakatar da izinin kamfanin, a 2024 kuma ya amsa laifin miƙa rahoton ƙarya ga hukumar tarayya, ya amince da biyan tarar dala 500,000.

Sannan a duba matanin. Injiniyoyi sun kasa tuƙin zuwa matakai daga 0 zuwa 5. Na'urar Autopilot ta Tesla tana mataki na 2, wato wajibi ne direba ya sa ido koyaushe. Tasin Waymo da ke ɗaukar fasinja ba direba a birnin Finiks yana mataki na 4, kuma a cikin iyakantaccen yanki kawai. Duk labarin da ya kira su biyun da suna ɗaya, a ajiye shi tukuna har a ga rahoton hukumar da ta yi bincike.