Salama da Ƙasar Noma: Ɗaya Ba Ya Ɗorewa Sai da Ɗayan

 Batun da ke gabanmu yau shi ne dangantakar zaman lafiya da ɗorewar abubuwan da muke rayuwa da su, wato gona, daji, ruwa da dabba.

Mu fara da Farawa sura 13. Makiyayan Ibrahim da na Lutu sun yi faɗa domin dabbobi sun yi yawa, ƙasar ta yi musu kaɗan. Ibrahim bai tsaya ga ba da haƙuri ba. Ya raba wurin kiwo, ya bar wa ɗan ɗan'uwansa zaɓi. Da aka warware zancen ƙasa, faɗan ya mutu.

Kakanninmu sun san wannan hikima. Bayan girbi Bafulatani yakan sauka a gonar manomi, shanu su ci karmami, su bar taki. Manomi ya ba da dawa, a ba shi nono. Burtali a buɗe yake, mashaya ta kowa ce. Gwamnatin Jihar Arewa ma ta kafa dokar keɓe wuraren kiwo a 1965. Da jama'a ta ƙaru, aka nome burtali, aka sare daji, takin zamani kuma ya sa manomi ya daina bukatar shanun maƙwabcinsa. Satar shanu, rashin adalci a wurin shari'a da yawan bindigogi su ne wutar, amma busasshiyar ciyawa suka tarar.

Wutar kuwa ta ci mutane, ta ci ƙasa. A Yunin 2020 an kashe mutane da yawa a Kadisau. Ran 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Kankara. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Kankara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana cinikin dabbobi a kasuwanninmu. 'Yan'uwa, mutumin da bai san ko zai kwana a ɗakinsa ba, yaushe zai dasa itacen da sai bayan shekara biyar zai ci amfaninsa? Gonakin nesa sun koma saura, na bakin gari an nome su har sun gaji. Iyalin da suka gudu Funtua sun bar gona, sun bar kujerunsu a majami'a. Mu da ba mu da yawa, gida uku suka tashi, ikkilisiyar ƙauye ta girgiza.

An yi sulhu da 'yan bindiga a 2016 da 2019, bai ɗore ba. A 2025 an sake zama a wasu ƙananan hukumomi, har da Faskari. Duk sulhun da bai faɗi inda saniya za ta bi, inda za ta sha ruwa, da wanda zai biya ɓarna ba, ginin toka ne.

Akwai abin koyi a Maradi. Daga 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturen itatuwan da aka sare suna nan da rai a cikin gonaki. Manoma suka fara barin 'yan tsiro masu ƙarfi a kowane kututture suna yi musu aski. Gawo da sauran itatuwa suka dawo a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Aikin bai yi ƙarfi ba sai da gari ya yarda kan wanda ke da itacen da hukuncin wanda ya sare. Musulmi da Kirista, manomi da makiyayi, duk sun amfana.

Saboda haka muna roƙon abu uku. Na farko, duk ɗan ikkilisiya da gonarsa ta ci burtali ya janye iyakarsa kafin damina. Na biyu, a gonar ikkilisiya da gonakinmu mu bar tsiron gawo, ɗorawa da kaɗanya, mu daina cinna wa saura wuta. Na uku, dattawanmu su nemi wurin zama tare da mai gari, liman da arɗo duk lokacin da ake maganar mashaya da ranar sakin gona. Ƙarancinmu ba hujjar yin shiru ba ne, gama rijiya ɗaya muke sha.

Ubangijin salama ya warkar da ƙasarmu, ya komo da waɗanda suka watse. Amin.