Jawabi Kan Notis Ɗin Tashi Daga Gidan Haya

 

An ce in yi magana a kan haya, saboda da yawa cikinmu a gidan haya muke zaune, wasu kuma da kuɗin adashe suka gina ɗakunan da suke bayarwa. Tun da aka buɗe kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri a nan Daura, masu neman ɗaki sun ƙaru, rigimar tashi ma ta ƙaru.

Da an ce notis, sai mu ɗauka mai gidan haya ne kaɗai ke bayarwa. A'a. Ke ma da za ki tashi, akwai hakkinsa a kanki. Idan babu wani wa'adi da kuka rubuta a yarjejeniya, abin da dokokin haya na ƙasar nan suka saba tanada shi ne: mai biya duk mako ta ba da notis na mako ɗaya, mai biya duk wata ta ba da na wata ɗaya, mai biya duk wata 3 ta ba da na wata 3. Mai biyan shekara-shekara kuwa, wadda ita ce yawancinmu, wata 6 ne cur. Ko kin yi shekara 15 a gidan, ba tsawon zamanki ake dubawa ba, yadda kike biya ake dubawa.

Ku lura fa, takardar da kuka sa wa hannu ita ce gaba. In ta ce wata 3, to wata 3 ne. In kuma ta faɗi ranar da haya za ta ƙare, ranar nan na zuwa ta ƙare, ba sai an jira wata 6 ba. Don haka kada a dangwala yatsa sai an karanta miki ita, ko da ɗanki ɗan sakandare ne zai karanta.

Abin da ya fi cutar da mu shi ne maganar baka. "Ai na faɗa wa dillali a hanya." To gobe ya ce bai ji ba fa? Rubuta, da Hausa ma ya wadatar, ki sa kwanan wata, a kai gaban shaida ko mai unguwa, ki riƙe kwafi tare da rasit ɗinki. Ki lissafa yadda notis zai cika daidai da ƙarewar kuɗinki, kada a biyo ki bashin watannin da ba ki zauna ba. Kuɗin wuta da na ruwa a share su kafin a miƙa makulli.

Masu ba da haya a cikinmu kuma, ko wa'adi ya cika, ba a cire ƙofa ko rufi, ba a watsa kayan mutum waje. Akwai ƙarin notis na kwana 7, daga nan sai kotu.

Mai tambaya ta same ni bayan an raba abinci.