A Ji Ta Bakin Yaro Kafin a Yanke Shawara a Kansa

Wannan jawabi a kan yaron da karatu ya gagara ne, da zaman shawarar da a ke yi dominsa.

A Ingila akwai waɗansu masana da aikinsu shi ne binciken yadda hankalin yara ya ke ɗaukar karatu. In yaro ya kasa, masanin ya kan zauna da malamin aji da iyaye, su nemi dalili, su shirya magani. Sau da yawa a kan gama zaman nan ba a tambayi yaron kome ba. Amma dokar yara da iyali da aka kafa can a 2014 ta wajabta wa hukumomi su kula da ra'ayinsa da abin da ya ke so.

Tushen wannan shi ne yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 a kan haƙƙin yara, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991. Sashe na 12 ya nuna yaron da ya iya bayyana ra'ayinsa yana da haƙƙin a ji shi a kan abin da ya shafe shi, a kuma auna maganarsa gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Watau ba a ce yaro ne zai yi hukunci ba. Hukunci na manya ne, sai dai a ji shi tukuna.

To, masanan nan ba su da yawa a ƙasar nan, sabo da haka maganar yaron da ya guje wa makaranta ta kan zo gaban dagaci ko hakimi. Malami ya ce rago ne, uba ya ce taurin kai ne. Alhali kuwa watakila ba ya ganin allo daga bayan aji, ko sanƙarau ya rage masa ji, ko yunwa ke damunsa, ko wani babban yaro ke tare shi a hanya. Yarinya kuma watakila talla ce ke cinye mata safiya. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. In aka hori yaro a kan laifin da ba nasa ba ne, an yi hasarar ɗalibi, ciwon kuwa yana nan.

Wahalar ita ce kunya. Yaro mai ladabi ba ya buɗe baki a zaure gaban fadawa, balle ɗan fari a gaban ubansa. Shirunsa ba yarda ba ce. Don haka a gaya masa tun da wuri abin da za a tattauna da waɗanda za su halarta. A bar shi ya zaɓi wanda zai zauna kusa da shi, kamar kakarsa, wadda ya saba wasa da ita. A rage taro. A fara tambayarsa abin da ya iya kafin abin da ya kasa. In magana ta yi masa nauyi, a ba shi tsakuwa goma ya nuna da su yawan jin daɗinsa a aji, sa'an nan a tambaye shi abin da zai ƙara masa guda.

Aikin malamin hakimi shi ne ya rubuta maganar yaron yadda ta fito, kada ya yi mata gyara. Da an gama, a karanta wa yaron abin da aka shirya, da wanda zai yi kowane abu, da ranar da za a sake zama. In ba a bi ra'ayinsa ba, a gaya masa dalili. Kada kuma a bari maganarsa ta zama abin hira a kasuwa.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, amma mai tanƙwara sai ya duba inda ya karkata. Allah ya shirya mana zuriya, amin.