Silima, Doka da Mutuncin Ɗalibi

Shugaban taro, malamanmu, 'yan'uwa ɗalibai na Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi.

A bukukuwan silima na jami'o'in Turai da Amurka akan nuna fina-finan soyayyar jinsi ɗaya. Afirka ma tana da nata. A 1997 Mohamed Camara na Gini ya shirya Dakan. A 2018 Kenya ta haramta Rafiki, har kotu ta ɗage haramcin na kwana 7. A 2020 aka saki Ìfé na Nijeriya a intanet, bayan kashedin hukumar tace fina-finai.

A nan, dokar tarayya ta 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 10 ga mai bayyana irin wannan soyayya a fili, ga kuma Shari'ar da Zamfara ta fara aiki da ita a 2000. Saboda haka ba za a haska su a zaurenmu ba.

Amma wayar hannu ba ta neman izinin kowa. Roƙonmu shi ne, kada jita-jitar abin da aka gani a wayar wani ta sa mu tozarta shi ko mu ɗaga masa hannu. Hukunci na alƙali ne, ƙazafi kuwa Shari'ar kanta ta haramta shi. Ilmi aka turo mu nema.