Sashe na 377: Yadda Kotu Ta Ba Da, Ta Karɓe, Ta Sake Bayarwa

Yau Indiya muka nufa.

A 1860 Turawan mulkin mallaka suka rubuta wa ƙasar kundin hukunta laifuka. Sashe na 377 ya tanadi ɗauri, har na rai-da-rai, ga masu neman jinsi ɗaya. Kundin nan ba baƙonmu ba ne: daga gare shi na Sudan ya samo asali, daga na Sudan kuma aka tsara na Arewacin Najeriya da ya fara aiki a 1960.

A 2009 Babbar Kotun Delhi ta ce sashen bai hau kan baligai da suka yarda da juna ba. Mutane da dama suka daina ɓuya. Kwatsam a 2013 Kotun Ƙoli ta mayar da sashen. Wanda jiya yake ɗan ƙasa mai 'yanci ya wayi gari mai laifi, ga shi kowa ya riga ya san shi. A ganina nan ne aka fi cutar da su, domin sashen ya daɗe yana zama sandar tsoratarwa da tatsar kuɗi.

Sai ranar 6 ga Satumba 2018 alƙalai biyar na Kotun Ƙoli suka haɗu a kan cewa tsarin mulki ya kare mutuncinsu da sirrinsu.

Batun auren jinsi ɗaya kuwa, a Oktoba 2023 kotun ta ƙi halatta shi, ta ce wannan aikin majalisa ne.