Mai Awon Jini: Ma'aikacin Da Ba A Cika Gani Ba



Yau za mu yi magana a kan wani ma'aikacin asibiti da ba mu cika kula da shi ba, wato mai aiki a ɗakin gwaje-gwaje, wanda muka fi sani da mai awon jini. Shi ne yake ɗibar jini, ya karɓi fitsari ko kaki, ya rubuta sunan mai shi a jikin kwalba, ya auna, ya miƙa wa likita sakamako. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Sai dai abin da ke cikin jini ya fi ƙarfin ido, ko da na likita ne.

Mu tuna abin da ya faru a jiharmu a shekarar 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, yara suka dinga suma da jijjiga suna mutuwa. Aka zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani, bai yi aiki ba. Sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta sa aka auna jinin yaran, sannan aka gane gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Gubar ta yi yawa har na'urar awon ta kasa karantawa, domin lambarta ba ta wuce 65, sai ma'aikatan suka riƙa sirka jinin kafin su auna. Da wannan awo ne aka san yaron da za a fara ba magani, da wanda ya sami sauƙi.

Mu dawo gida. Mu da ke noma da ruwan madatsar Bakolori, daga Maradun zuwa Talata Mafara da Bakura, muna zaune da cututtuka biyu. Na farko zazzaɓin cizon sauro. Ba kowane zafin jiki ne shi ba. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a sha magani. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa, cikin minti 20 an sami amsa. Na biyu tsargiya. Yaro yana wanka a magudanar ruwa, ƙwayar cutar da ke fitowa daga dodon koɗi ta shiga fatarsa, ya fara fitsarin jini. Wannan ba alamar girma ba ce, ciwo ne, kuma yana da magani. Mai awo yana ganin ƙwan tsutsar a cikin fitsari da madubin asibiti.

To, mene ne namu a ciki?

Na ɗaya, kada mu ruga kemis mu sayi magani da ka. Kuɗin awo bai kai kuɗin maganin da aka sha a banza ba.

Na biyu, mu bi abin da mai awo ya ce. Idan ya ce a kawo fitsari tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, yana da dalili: lokacin ne ƙwan tsargiya ya fi fita. Kada mu kawo a kwalbar da muka tsinta a gida. Mu tabbata sunanmu ne aka rubuta, domin musayar kwalba ɗaya tana iya sa mai lafiya ya sha magani, mara lafiya ya koma gida haka.

Na uku, mu tura 'ya'yanmu, maza da mata, su koyi aikin. Ana karanta shi shekara uku a kwalejin kimiyyar lafiya bayan sakandare, ga wanda ya ci Turanci da lissafi da darussan kimiyya. Aiki ne na mai haƙuri da tsabta da riƙon amana, wanda ba ya rubuta abin da bai gani ba, ba ya kuma kai sirrin mutum kasuwa.

In kun je asibiti, ku gaishe da mai awo, ku jira sakamakonku. Allah ya ba mu lafiya, ya kai kowa gida lafiya.