Wurno Ma Tana Da Abin Gani



Duk shekara masu hali daga cikinmu kan tafi hutu Turai, su biya kuɗi don ganin tsofaffin gine-ginen Rum ko babban masallacin Kurɗuba a Sifaniya. Ba laifi, tafiya mabuɗin ilimi ce. Amma mutum nawa ne cikinsu suka taɓa leƙa Wurno?

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa Wurno a matsayin ribaɗi, a can ya rasu a 1837, kuma hubbarensa na nan. A 1853, zamanin Aliyu Babba, Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka garin ya yi makonni. Kusa da Wurno ga Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, ga kuma madatsar ruwan Goronyo a kan Gulbin Rima.

Turawa sun adana nasu tarihin, suna cin moriyarsa. Mu kuwa 'yan bindiga sun sa baƙo fargabar hanyoyin gabashin Sakkwato. Ya kamata gwamnati ta fara da samar da tsaro, sannan ta horar da matasan yankin su riƙa yi wa maziyarta jagora.